Daga Birgadiye zuwa Mai Sana'a: Nazarin Horar da Matasa kan Yaƙi da Ƙwarin Amfanin Gona a Gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yiwuwar mayar da yaƙi da ƙwarin amfanin gona sana'ar da matashi zai ci abinci da ita a ƙasar Arewa, wato gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri na jihar Doso a Jamhuriyar Nijar. An yi bitar dokoki da ayyukan cibiyoyin bincike, aka auna su da kalandar noman yankin. Binciken ya gano cewa horon da aka saba bai wa birgadiyoyin ƙauye an gina shi ne domin ɗaukin gaggawa idan fara ta sauka, kuma duk wanda ladansa ya rataya ga yawan maganin da ya fesa zai fesa ko babu dalili. An ba da shawarar horo mai bin zagayowar shekara, wanda ya haɗa gane ƙwaro, kiwon ƙwarin da ke kashe ƙwari, adana wake ba tare da guba ba, da feshi bisa ƙa'ida.

Muhimman kalmomi: birgadiye, maganin ƙwari, murzuna, koyon sana'a, Arewa.

1.0 Gabatarwa

A kasuwannin Arewa rumfar mai maganin ƙwari ba ta rasa ciniki. Manomi zai kwatanta abin da ke cin wakensa, a miƙo masa kwalba, ya koma gona ya fesa da kansa ko ya ɗora wa yaro famfo a baya. Sau da yawa, daga mai sayarwa har mai saye babu wanda ya taɓa zama gaban malamin gona a kan wannan fanni. A ɗaya ɓangaren, da zarar an kai hatsi rumbu, matasa da dama sukan kama hanyar cin rani zuwa Najeriya da biranen bakin teku. Ga aiki yana neman gwani, ga masu ƙarfi suna neman aiki. Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: wane irin horo ne zai haɗa biyun nan, har a sami sana'a mai ɗorewa wadda ba za ta cutar da mai yinta da mai cin amfanin gona ba?

2.0 Farfajiyar Bincike

Garin Dogon Dutsi yana kan babbar hanya ta ɗaya, kimanin kilomita 270 gabas da Yamai. Gundumarsa ta ƙunshi ƙananan hukumomi shida: Dogon Dutsi, Matankari, Kiyeshe, Ɗan Kasari, Dogon Kiriya da Sukukutan. A shekarar 2011 aka cire Tibiri ta zama gunduma mai ƙananan hukumomi huɗu: Tibiri, Dumega, Gesheme da Kore Mairuwa. Wannan Tibirin dabam take da Tibirin Gobir ta jihar Maraɗi. Ƙidayar 2012 ta nuna mutane sama da 370,000 a gundumar Dogon Dutsi da kimanin 270,000 a ta Tibiri.

Kwarin Dallol Mawuri ya ratsa yankin daga arewa zuwa kudu, kuma a cikinsa ruwan ƙasa ba shi da nisa. Saboda haka noma iri biyu ake yi. A tudu, da damina, ana shuka hatsi da wake da gyaɗa da dawa. A fadama, da rani, ana noman dankalin turawa, wanda Dogon Dutsi ta yi suna da shi, da tumatir da kabeji da albasa, ga kuma rake ta wajen kudu. Yankin ya yi iyaka da Najeriya ta gabas, abin da ke da tasiri babba a kan irin magungunan da ke shigowa kasuwanninsa.

3.0 Dabarun Bincike

Binciken na bita ne da ƙwanƙwance bayanai. An duba abubuwa uku: dokokin da suka shafi maganin ƙwari a Nijar da ƙasashen ƙungiyar CILSS ta yankin Sahel, dabarun da cibiyoyin bincike suka gwada a gonakin Sahel, da tsarin cibiyoyin da ke ba da horo. Daga nan aka jera ayyukan yaƙi da ƙwari bisa lokutan shekara, domin a ga ko za su isa su riƙe mutum wata goma sha biyu.

4.0 Bitar Tsarin Horon da ake da Shi

Horo a wannan fanni hawa biyu ne, da wawakeken giɓi a tsakani. A sama akwai cibiyar AGRHYMET ta Yamai, wadda aka kafa a 1974, da sashenta na koyar da kare tsirrai; akwai makarantar IPDR ta Kolo, da tsangayoyin aikin gona na jami'o'in Abdou Moumouni ta Yamai da Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi. Waɗannan suna yaye malaman gona da injiniyoyi, kuma shigarsu sai da takardar boko.

A ƙasa akwai birgadiyoyi, wato manoman da ƙauye ke zaɓa, ma'aikatar kare tsirrai ta koya musu feshi cikin 'yan kwanaki, ta ba su na'ura da magani idan annoba ta taso. Tsarin ya yaɗu a shekarun 1980, lokacin da fara ta addabi Sahel, kuma ya yi amfani a irin wannan hali. Tun a 1995 de Groot ya buga nazari kan yadda ƙungiyoyin nan ke aiki a Nijar da batun ɗorewarsu. Farin ɗango na 2004 ya sake nuna cewa ba a iya rabuwa da su. Sai dai birgadiye ɗan sa kai ne. Aikinsa ya dogara ga maganin gwamnati da batirin gwamnati, kuma idan yaƙin fara ya wuce, sai ya rataye na'ura ya koma gonarsa. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda aiki bai ciyar da shi ba, ba zai zauna ya goge a kansa ba.

5.0 Sakamako da Tattaunawa

5.1 Damina: Murzuna da Fara

Babbar abokiyar gabar hatsi ita ce murzuna (Heliocheilus albipunctella), wadda ɓarnarta ta fito fili bayan farin shekarun 1970. Uwar takan yi ƙwai a kan zangarniya lokacin da take fitowa. Tsutsar ta shige ciki tana yanke furanni, tana barin zane mai murɗewa a jikin zangarniyar, sannan ta sauka ƙasa ta kwanta har wata damina. Tunda a ɓoye take, feshi bai cika kai mata ba, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin gonar hatsi.

Masu bincike na cibiyar binciken noma ta INRAN a Maraɗi, tare da abokan aikinsu na ICRISAT, sun inganta wata dabara ta sakin ɗan ƙaramin ƙwaro mai suna Habrobracon hebetor. Ana ɗinka 'yar jakar algarara, a zuba hatsi da garinsa, a sa tsutsotsi 25 na ƙwaron hatsin ajiya (Corcyra cephalonica) da mata biyu na ƙwaron da suka riga suka yi barbara. Ana rarraba jakunkuna kamar 15 a kewayen ƙauye daidai lokacin fitar kai. Cikin kwanaki kaɗan 'ya'yan su ƙyanƙyashe, su fita ta ramukan algarara, su bi zangarniya suna harbin murzuna suna yin ƙwai a jikinta. Kiwon ƙwaron ba ya buƙatar wutar lantarki, ɗaki mai inuwa da tsabta da kula sun isa. Sana'a ce da mata ma za su iya riƙewa. Sharaɗinta ɗaya: idan maƙwabci ya fesa guba a wurin, ya kashe ma'aikatan da aka saki.

Game da fara, gwaninta tana ga sarrafa na'urar feshi mai faifai da batir. Maganinta na mai ne, ba a sirka shi da ruwa, kuma abin da bai wuce lita ɗaya ba yakan isa hekta guda. Iska ce ke ɗaukar ɗigon, don haka mai feshi yakan fara daga gefen da iska ta nufa, ya yi tafiya a gicciye da ita, faifan yana ɓangaren da iska za ta kore maganin daga jikinsa. Da sassafe ko da la'asar ake yi; da tsakar rana zafi yakan ɗaga ɗigon sama. Dole kuma a yi shela a gari bayan feshi, domin fara abinci ce da mata ke kamawa su soya su sayar.

5.2 Kaka: Adana Wake

Wake shi ne kuɗin manomin Arewa, ƙwaron ajiya (Callosobruchus maculatus) kuma yana iya mayar da buhu gari cikin 'yan watanni. Da yawa sukan jefa ƙwayar Phostoxin cikin buhu su ajiye a ɗakin kwana, alhali ƙwayar tana haɗuwa da danshin iska ta saki hayaƙi mai kisa. Buhun PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a yammacin Afirka a 2007, ya kawar da wannan haɗari. Leda biyu ne masu kauri a cikin buhu na uku. A busar da wake sarai, a duba ledar ko ta huje, a matse iska, a ɗaure kowane baki dabam. Ƙwarin su cinye iskar da ta rage su mutu. Wanda ya iya wannan zai iya karɓar aikin ma'ajiyar ƙungiyoyin manoma da ta 'yan kasuwa.

5.3 Rani: Garake

A nan ne feshi ya fi yawa, a nan ne kuma ya fi haɗari, domin kayan lambu daga garka sai tukunya. Tsutsar tumatir (Tuta absoluta), wadda aka gano a Nijar a 2013, takan ɓuya cikin ganye da 'ya'ya, kuma ta yi suna wajen jure magani idan aka nace wa iri ɗaya. Abin da mai garka ke buƙata shi ne wanda zai zagaya kowane mako, ya juya ganye, ya bambance darɓa da tsutsa da cutar da ba ƙwaro ya kawo ta ba, ya san lokacin da ruwan 'ya'yan bedi ya wadatar, ya kuma tsare kwanakin jira tsakanin feshi da tsinka.

5.4 Kasuwar Magani da Harshen Takarda

Kwamitin CSP na ƙasashen Sahel, mai mazauni a Bamako, shi ke tantance maganin da ya halatta a yankin. An hana endosulfan a 2007, aka hana paraquat a 2011. Dokar Nijar mai lamba 2015-35 ta 26 ga Mayu 2015 ta wajabta samun izini kafin shigo da maganin ƙwari ko sayar da shi. Duk da haka, bin kasuwanni da ƙungiyar zaurukan manoma ta RECA ta yi ya nuna cewa galibin magungunan da ke hannun 'yan kasuwa ba su da amincewar CSP, kuma da yawansu ta Najeriya suke shigowa. Misali shi ne dichlorvos, wanda aka sani da piya-piya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a rukunin masu haɗari ƙwarai, amma ana yayyafa shi a wake da ɗakunan kwana.

Akwai kuma matsalar harshe. Takardar kwalbar da Ingilishi take, makarantar Nijar da Faransanci take koyarwa, manomi kuma Hausa yake ji. Horon da bai koya wa ɗalibi karanta sunan sinadari da awo da launin gargaɗin da ke gindin takarda ba, ya bar shi a hannun mai rumfa.

5.5 Wa Zai Biya?

A Najeriya da Gana ƙungiyar CropLife ta horar da matasa masu feshi da ake biya. Tsarin ya nuna cewa manomi yana biyan aikin da ya ga amfaninsa. Rauninsa shi ne idan famfo ne ma'aunin lada, to yawan feshi ne riba. Jeren ayyukan da aka kawo a sama ya nuna mafita: jakar ƙwaro da damina, ajiya da kaka, zagayen garake da rani. Hanyoyin samun nan uku ba su buƙatar guba. Sai dai jakar ƙwaro amfaninta na gari ne baki ɗaya, domin ƙwaron bai san iyakar gona ba, don haka ƙungiya ko ƙaramar hukuma ce ta dace ta saya.

6.0 Shawarwari

Na ɗaya, a buɗe sashen kare tsirrai a cibiyoyin koyon sana'a na ƙananan hukumomin goma, da tallafin asusun horar da sana'a na FAFPA, horon ya ratsa damina da kaka da rani a gona.

Na biyu, a fara da birgadiyoyin da ke ƙasa, a ƙara da matasa maza da mata, a koyar da Hausa, a rubuta littafin ɗalibi da boko da ajami.

Na uku, ma'aikatar kare tsirrai ta jarraba ɗalibi a gona kafin ta ba shi katin shaida, a riƙa sabunta katin.

Na huɗu, a haɗa wanda aka yaye da rancen kayan kariya, wato safar hannu da takalmin roba da abin rufe hanci da ido, a kuma haɗa shi da dillali mai izini.

Na biyar, ƙananan hukumomi su sa kuɗin jakar ƙwaro a kasafinsu, hakimai da limamai da gidajen rediyon gari su taya da faɗakarwa a kan piya-piya da zuba ruwan sha a galan ɗin magani.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa a gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri akwai aikin yaƙi da ƙwari da zai riƙe mai shi shekara guda cur, kuma dabarun da ake buƙata an riga an gwada su a Nijar. Abin da ya rage shi ne horo na tsakiya, tsakanin injiniya da ɗan sa kai, da tsarin biya wanda ba ya tura mai sana'a ga yawan feshi. Ana kira ga ƙananan hukumomi da zauren manoma na jihar Doso su gwada tsarin a ƙaramar hukuma ɗaya ta tudu da ɗaya ta fadama, masu bincike kuma su bi sawu su auna abin da manomi zai iya biya.