Kuɗin zinariyar Rumawa: yadda ake karanta su da yadda ake gane na jabu

Mai son sanin kuɗin zinariyar Rum yana farawa ne da ma'auni, domin nauyin tsabar yakan nuna zamaninta. Babban kuɗinsu shi ne aureus, wanda ke daidai da dinarin azurfa 25. A zamanin Yuliyus Kaisar ana fitar da guda 40 daga laba ɗaya ta Rumawa, kowanne kusan giram 8. Sarki Nero ya rage shi a shekarar 64 miladiyya, laba ta koma ba da 45. Haka aka yi ta ragewa har Kustantin ya fito da solidus a farkon ƙarni na 4, guda 72 a laba, wajen giram 4.5.

Solidus ya yi dogon kwana. Daga sunansa Faransanci ya samo «sou» da «solde», kuma a kan ma'auninsa Halifa Abdul Malik ya buga dinarin Musulunci a shekara ta 77 bayan Hijira, mai giram 4.25, wato miskalin da fatakenmu suka riƙa auna zinariya da shi. Ita kanta kalmar zinariya daga dinar ta fito, dinar kuwa daga denarius.

Rubutun gefen tsabar a taƙaice yake. IMP na nufin jagoran yaƙi, AVG laƙabin sarauta ne, COS muƙamin konsul. Lambar da ke bin TR P tana ƙirga shekarun ikon sarki, da ita masana ke gano shekarar bugu. CONOB kuwa shaida ce ta tatacciyar zinariya bisa ma'aunin Kustantiniyya.

Rumawa da guduma suke buga kuɗinsu. Saboda haka tsabar da ke da layin haɗi a gefe ko ƙananan ramukan kumfa, zuba ta aka yi, jabu ce. Kada a goge ta don ta yi ƙyalli, darajarta ake zubarwa.

Takardun asali sun fi komai muhimmanci, a ganina. A 2020 an sayar da wani aureus na Burutus mai rubutun EID MAR a Landan kan fiye da fam miliyan 3. Daga baya aka gano takardunsa na ƙarya ne, kuma a 2023 hukumomin Amurka suka mayar da shi Girka.