Ƙafar Keke a Bakin Kanal: Tarihin Rim a Ƙasar Kura da Bunkure

Duk wanda ya yi sammako a watannin sanyi ya tsaya a bakin hanyar Kano zuwa Zariya, daidai inda ta ratsa ƙasar Kura ta nufi Kadawa da Kwanar Gafan, zai ga ababen hawa iri-iri suna rige-rigen kai tumatir kasuwa, tun daga manyan motoci har zuwa babura. Amma ni abin da kan tsayar mini da ido shi ne tsohon baƙin keken nan mai birkin ƙarfe, wanda aka ɗaure wa kwando a kariya, mai shi yana taka feda a hankali, rigarsa ta jiƙe da raɓa. Nauyin mutumin da na kayansa baki ɗaya yana bisa wani zoben ƙarfe wanda faɗinsa bai wuce yatsu biyu ba. Wannan zobe shi masu gyara ke kira rim, kuma a ganina wanda ya san tarihinsa ya san wani yanki na tarihin noman rani a wannan ƙasa.

Keke irin wanda muka sani, mai ƙafafu biyu daidai wa daida da kaca mai juya ta baya, an fitar da shi ne a garin Coventry na Ingila a 1885, bisa hikimar John Kemp Starley, sa'an nan a 1888 John Boyd Dunlop ya zo da taya mai iska. Tun da taya ta zama abar hurawa, sai ya wajaba a samo mata mazaunin da zai riƙe leɓɓanta kada ta kuɓuce, kuma daga cikin sifofin da maƙeran Ingila suka gwada, wadda ta zauna a kekunan aiki ita ce wadda suke kira Westwood: ƙarfe ne mai naɗaɗɗen baki, da ɗan tudu a tsakiya inda wayoyin ƙafa suke shiga, robar birki kuwa daga ciki take kama shi, sandunan ƙarfe suna janyo ta sama. Bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kantunan Turawa suka cika da haja, kekunan Raleigh na Nottingham da Hercules na Birmingham suka shigo da wannan rim ɗin a ƙafafunsu, mai inci 28. Basukur ake ce masa a lokacin, galibin mahayansa kuwa malaman makaranta ne, da ma'aikatan En'e, da attajirai, har lasin ake yankar masa kowace shekara. Zancen zaɓen rim bai taso ba a wannan zamani, domin abin da ya zo a jikin keke shi mutum zai hau har ya tsufa.

Kura a wancan lokaci da rini aka san ta, da bugu, da baƙin turkuɗi mai ƙyalli wanda fatake ke kai wa Buzaye har cikin Sahara, kuma jaki ne ke ɗaukar kayanta. Noman rani kuwa na fadama ne, da jigo, gwargwadon abin da ƙarfin damtse zai iya ɗebowa. Saboda haka keke a ƙauyukan nan abin ado ne da alfarma, matsayinsa kusa da na doki. Saurayi kan naɗe masa jiki da roba mai launi, ya goge rim da tsumma har ya ga fuskarsa a ciki, ranar Juma'a ko ranar kasuwa ya fito da shi.

Abin da ya sauya wannan al'amari shi ne ruwa. A zamanin Gwamna Audu Bako aka fara gwajin noman rani na zamani a Kadawa da ruwan madatsar Bagauda, aka kammala babbar madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, bayan zamaninsa kuma aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, da niyyar shayar da hekta 22,000 a kashi na farko, cikin ƙasashen Kura da Bunkure da Garun Malam. Aka baje gonaki aka sake yanka su, aka haƙa kanal babba da ƙanana, ruwa ya riƙa gangarowa da kansa ba tare da inji ba. Manomin da a da yake hutawa ko ya tafi cin rani in an gama girbi, sai ya wayi gari yana da alkama da tumatir da albasa a rani, da shinkafa a damina, gonarsa kuma wani lokaci tana da 'yar tazara da gida, alhali ban ruwa ba ya jiran kowa. Buhun taki mai kilo 50 sai an kai shi gona, buhun shanshera sai an kai shi wurin masu turarawa da injin casa, hanyar kuwa ta jan marmara ce a gefen kanal, da rani ƙura da gargada, da damina taɓo mai kama ƙafa. Nan ne keke ya sauka daga matsayin doki ya gaji aikin jaki, nan ne kuma mutanen wurin suka fara duban rim da idon basira.

Ƙafar keke tana da wani sirri wanda ba kowa ya lura da shi ba, wato ba ƙarfin rim kaɗai ke ɗauke da kaya ba, ɗaurin wayoyin nan ne da ake kira sifok, waɗanda kowace ke jan rim zuwa tsakiya da ƙarfi daidai da na 'yar'uwarta. Turawan Ingila sun san ƙafar baya ta fi shan wahala, shi ya sa tsofaffin kekunansu kan zo da waya 32 a gaba, 40 a baya. In an yi wa keke lodin da ya fi ƙarfinsa, wayoyin da suka zo ƙasa sukan saki, in sun yi ta saki sai su kwance, daga nan ɗaya ta tsinke, nauyinta ya koma kan maƙwabtanta, rim ya karkace ya fara gugar birki. Falalar ƙarfe a nan ita ce yana lanƙwasa ne, ba ya saurin tsagewa, abin da ya lanƙwasa kuwa ana iya miƙar da shi.

Na taɓa zama a gindin darbejiya wurin wani dattijo mai gyaran keke a wata kasuwar ƙauye ta wajen Bunkure, aka kawo masa keken da ƙafarsa ta baya ta faɗa rami da buhu a kai. Ya kife keken bisa sirdi, ya dafa ɗan guntun alli a jikin ƙarfen da ke riƙe da ƙafar, ya juya ta, duk inda rim ya kauce allin ya bar farin tabo. Sa'an nan ya ɗauki ɗan makullinsa, ya sassauta wannan waya, ya ɗaure waccan rubu'in juyi, yana kaɗa su da farce yana sauraren amonsu kamar mai gyaran tsirkiyar molo. Inda ƙarfen ya lotsa sai ya aza shi a kan kututture ya bi shi da guduma ta katako. Mai keken, wani matashi, ya ƙosa, ya ce, "Baba, ko dai sabo zan saya?" Dattijon bai ɗaga kai ba ya ce, "Yaro, ɗauki wannan ka ji nauyinsa, ka je kasuwa ka ɗauki sabon, in ka dawo sai mu yi magana."

Maganarsa tana da asali a tarihi. An yi masana'antar harhaɗa keken Raleigh a nan Kano, amma daga 1986, da aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, kayan Ingila suka fi ƙarfin talaka, a daidai lokacin da hana shigo da alkama a 1987 ya ƙara wa gonakin Kadawa aiki. Sai Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya suka cike gurbin, siffarsu ɗaya da ta dā, amma kayan gyaran da suka biyo bayansu akwai nagari akwai na banza. Ala tilas manomi ya koyi tantancewa: ya auna rim a hannu, ya ƙwanƙwasa ya ji ƙararsa, ya duba wurin da aka haɗe bakinsa da walda, ya shafa farin shafen da aka yi masa, domin in shafen ya yi siriri, ruwan kanal da gishirin taki kan shiga ciki, tsatsa ta cinye shi ta ƙarƙashin taya inda ido ba ya gani.

Rim na alminiyam daɗaɗɗe ne a Turai, domin tun 1934 aka ci tseren keke na zagaye Faransa da shi, amma bai yawaita a wurinmu ba sai da kekunan gwanjo suka cika kasuwannin Kano. Ba na cikin masu raina shi. Ba shi da nauyi, ba ya tsatsa, kuma birki yana kama shi ko a cikin ruwan sama, alhali kowa ya san yadda robar birki ke zamewa a kan jiƙaƙƙen ƙarfe mai santsi. Ɗalibi ko malamin makaranta da ke bin kwalta kullum daga ƙauye zuwa Kura, in ya sami mai bango biyu da huji 36, ya sami abin da ya fi masa tsohon ƙarfe. Amma yashin bakin kanal yana shiga tsakanin roba da gefensa yana cin sa sannu a hankali, kuma ranar da ya gaji tsagewa yake yi, guduma ba ta da magani a kansa. Ga kuma ruɗanin awo, wanda ya sha jawo asara: rim ɗin tsohon keke milimita 635 ne, na kekunan tsere da yawo na Turai 622, dukansu kuwa akan ce musu inci 28, sai mutum ya sayo taya daga birni ya iso gida ta ƙi zama.

Babur ya ƙwace yawancin aikin dako a shekarun baya, yaran da dā za su zauna gaban dattijon nan su koyi ɗaurin ƙafa suka koma gyaran inji. Da aka janye tallafin man fetur a 2023, mutane da yawa suka shiga ɗakin ajiya suka fiddo kekunan iyayensu, suka tarar firam lafiya lau, rim ne ya ruɓe ko wayoyi suka kwance, masu iya ɗaure ƙafa daga farko kuwa sun yi ƙaranci, kuma wannan yana damuna ƙwarai. A ranar nan da na zauna wurinsa, dattijon ya gama aikinsa bayan la'asar, ya juya ƙafar allin bai taɓa ko'ina ba. Wani tsohon rim da ya fid da rai da shi yana jingine a gindin bishiyar; jikansa ya ɗauke shi, ya samo kara, ya bi gefen kanal da gudu yana garegare.