Gorse: Ƙayar Turai da ta zama annoba a ƙasashen da aka kai ta

Gorse ƙaramar bishiya ce mai ƙaya da furanni rawaya, wadda asalinta yammacin Turai ne. Masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ne ya raɗa mata sunan kimiyya Ulex europaeus a shekarar 1753. Tana cikin dangin Fabaceae, wato dangi ɗaya da wake da gyaɗa da gawo da bagaruwa. Jinsin Ulex yana da nau'o'i kusan 20, akasarinsu a Sifen da Fotugal, uku kuma a Birtaniya.

Tsayinta yakan kai mita biyu zuwa uku. Tana ƙarama takan fitar da ganye mai laushi, amma da ta girma sai ƙaya ta maye gurbinsa. Furenta na ƙamshin kwakwa. Kamar sauran danginta, saiwarta na ɗauke da ƙwayoyin bakteriya masu samar mata da sinadarin naitirojin daga iska, shi ya sa take bunƙasa a ƙasar da ba ta da taki. Idan rana ta yi zafi, kwasfarta kan fashe ta watsa iri, wanda zai iya shekara 30 a cikin ƙasa bai mutu ba.

Waɗannan halaye ne suka sa Turawa 'yan kama-wuri-zauna suka kai ta Niyu Zilan da Ostireliya a ƙarni na 19 domin yin shinge. Da ta sami wurin da babu ƙwarin da ke cin ta a gida, sai ta mamaye makiyaya. A 1931 Niyu Zilan ta shigo da ƙwaro mai cin irinta, amma bai kawar da ita ba. Tana kuma saurin kama wuta: a 1936 ta rura gobarar da ta cinye mafi yawan garin Bandon na jihar Oregon a Amurka.

A yau ƙungiyar kare muhalli ta duniya, IUCN, ta saka ta cikin halittu 100 mafi muni wajen mamaya. Sai dai a gandun Hinewai na Niyu Zilan an bar ta ta zama garkuwa ga ƙananan itatuwan ƙasar, waɗanda idan sun girma sukan tare mata hasken rana har ta mutu.