Yadda Malawi ta samu masu ɗori na asibiti

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kowa ya san karaya. Yaro ya faɗo daga icce, amalanke ya taka ƙafar dattijo, babur ya kada matashi. In ɗori bai yi kyau ba, mutum ya gurgunce, gona ta kwanta, gida ya shiga yunwa. Yau za mu ba ku tarihin wata ƙasa da ta nemi maganin wannan matsala.

Sunan ƙasar Malawi. Tana kudu maso gabashin Afirka. Kamar Nijar, ba ta taɓa teku ba, kuma yawancin mutanenta manoma ne mazauna karkara. Ta samu mulkin kai a 1964. Bayan shekara 20 da samun mulkin kai, masu karaya da yaran da shan inna ya shanye wa ƙafafu suna da yawa, amma lokotoron ƙashi ba ya samuwa a karkara.

A 1985 wani lokotoron ƙashi mai suna Edward Blair ya buɗe makarantar ɗori a birnin Bulantaya, da taimakon ƙungiyar Rotary. Ya lura cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ko ya yi aiki dare da rana, ba zai iya duba masu karaya na ƙasa duka ba. Sai ya ɗauki ma'aikatan asibiti waɗanda suka riga suka san aikin jinya. Ya koya musu aikin ƙashi wata 18. Suka koyi ja da daidaita ƙashi, da ɗaure shi da farin simintin asibiti, da wanke raunin da ƙashi ya fito waje. Suka koyi sanin ciwon da ya fi ƙarfinsu, don su aika mai shi babban asibiti. Da sun gama, sai a mai da su asibitocin karkara.

Bayan shekara 10, a 1995, Blair ya bar ƙasar. Makaranta ta tsaya. Nan aka gane gaskiyar masu iya magana: zanen aro ba ya rufe katara. Aikin da ya rataya ga baƙo ɗaya, ran da baƙon ya tafi, sai ya faɗi.

A 1998 aka sake buɗe makarantar. Wani lokotoro ɗan Ingila, Chris Lavy, ya sa hannu. A wannan karo ƴan ƙasa suka shiga cikin masu koyarwa da shugabanni. Ɗaya daga cikinsu shi ne Farfesa Nyengo Mkandawire, lokotoron ƙashi ɗan Malawi. A 2002 ƙungiyar CURE ta Amurka ta buɗe asibitin ƙashi na yara a Bulantaya, ya zama wurin magani da wurin koyo.

Ga lissafin 2008. Mutanen Malawi sun kai miliyan 13. Lokotoron ƙashi 9 ne kawai. Amma an horar da masu ɗori na asibiti 117, kuma 82 suna bakin aiki. Su ne ke duba mafi yawan masu karaya. A 2023 an buɗe sabon asibitin ƙashi a Lilongwe, babban birnin ƙasar, da taimakon mutanen Norwe.

Wannan tarihi ya shafe mu. Ƙungiyar CURE ɗin nan ta buɗe asibitin yara a Yamai a 2010. Can ana gyara ƙafar yaron da aka haifa da ita a murɗe, da gwame, da tabon ƙuna da ya naɗe hannu.

Me muka koya? Taimakon baƙo yana da kyau, amma wanda ya fi shi ne baƙo ya koya wa ɗan gida. Gini yana tsufa, inji yana lalacewa, ilimi kuwa yana haihuwa. Kuma duk waɗanda aka koya wa aikin nan, sai da suka fara da karatu da rubutu.

Saboda haka mu sa ƴaƴanmu makaranta, maza da mata. In ƙashi ya huda fata, ko hannu ya kumbura ya yi sanyi bayan ɗori, a tafi asibiti ran nan, kada a jira gobe. In an haifi jariri da murɗaɗɗiyar ƙafa, a kai shi tun yana ɗanye, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ba mu lafiya, amin.