Tarihin Binciken Garkuwar Hanji da Yaran Ƙasar Gobir

A shekarar 1888 Joseph Paneth, masani a birnin Biyana, ya bayyana wasu ƙwayoyin halitta masu ɗauke da 'yan ƙulle-ƙulle a gindin ramukan bangon ƙaramin hanji, waɗanda har yau ake kira da sunansa, amma an daɗe ba a gane aikinsu ba. Alexander Fleming ya ba da rahoton laisozaim a 1922, wato furotin da ke cikin hawaye da majina wanda yake fasa bangon bakteriya, sai dai nasarar fenisilin ta ɗauke hankalin masana daga wannan makami na jiki. Fagen ya farfaɗo ne bayan Hans Boman na Suwidin ya samo irin waɗannan furotin a jikin ƙwari a 1981, sannan Robert Lehrer da abokan aikinsa a Amurka suka raɗa wa wani rukuninsu suna difensin a 1985. Daga baya aka tabbatar cewa ƙwayoyin Paneth na zuba difensin da laisozaim cikin hanji, kuma wannan wani sashe ne na garkuwar da ake haihuwar mutum da ita, wadda ba ta jiran rigakafi ko tsohuwar jinya kafin ta far wa cuta.

Wannan garkuwa ta shafi yaran ƙasar Gobir, inda ma'aikatan lafiya a Sabon Birni da Isa suka san yadda gudawa da tamowa ke haɗuwa wa yaro da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ga kuma rashin tsaro da ya raba iyalai da gonakinsu. Ƙwayoyin Paneth suna tara sinadarin zinki mai yawa, alhali gero, wanda shi ne cimar Gobirawa, yana ɗauke da faitet, sinadarin da ke hana hanji tsotse zinkin. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a haɗa wa yaro mai gudawa zinki na kwana 10 zuwa 14 da ruwan gishiri da sukari.

Babban binciken tamowa da ya fi kusa da yankin shi ne na Madarunfa a jihar Maraɗi, wanda aka wallafa a 2016, inda aka ga cewa bai wa yara masu tamowa marasa wata larura maganin kashe bakteriya na amoksisilin bai ƙara yawan waɗanda suka warke daga tamowar ba. Wannan sakamako ya kamata ya mayar da hankali ga garkuwar hanjin kanta, kuma abin takaici ne cewa mafi yawan iliminta daga ɓerayen ɗakin gwaji aka samo shi, yayin da aikin Paul Kelly a Lusaka yake cikin ƙalilan da suka auna difensin a hanjin mutanen Afirka.