Bayani a kan ruwan bagaruwa da kurkurar baki bayan cire turmi

Ka sani, ya kai ɗalibi, abin da Larabawa ke kira al-ƙaraz shi ne ƴaƴan bagaruwa, wadda majema ke jeme fata da ita. Abin da ke cikinta mai ɗaure fata shi ke ɗaure dasashi ya rage jini. Don haka tun da daɗewa a ƙasar Damagaram, har kudancinta inda Dogo-Dogo take kusa da iyakar Najeriya, idan wanzami ya cire wa mutum turmi, akan dafa bagaruwa a tace, a riƙe ruwanta a baki da ɗumi-ɗumi.

Kowane magani na wannan babi da tarihinsa. Bagaruwa ta gida ce. Gishiri da kanwa daga Manga fatake ke kawo su. Kanumfari kuwa baƙo ne, sunansa ma daga Larabci yake, ƙaranful. Asalinsa tsibiran Maluku ne a Indunisiya, kuma ayarin Sahara ke kawo shi kasuwannin Kano da Zinder, musamman zamanin Sarki Tanimu (1851–1884), lokacin da ciniki da Tarabulus ya bunƙasa. Mansa yana kashe zafin haƙori, har yau likitocin haƙora na amfani da shi. Dogon yaro ɗan Indiya ne, bai yaɗu a nan ba sai a ƙarni na 20, bayan Faransa ta kama Zinder a 1899. Saboda haka takardar da ta ambace shi a matsayin magani ba ta kai zamanin Tanimu ba.

Sai mas'alar da ta shafe ka. Jinin da ya daskare a gurbin haƙori shi ne murfin rauni. Idan aka kurkure da ƙarfi ya fita, ƙashi ya buɗe, ciwo ya tsananta. Likitoci sun ce a bar kurkura awa 24, daga nan a yi a hankali da ruwan gishiri mai ɗumi. Kada ka ji tsoro don alwalarka: a mazhabar Malik kurkurar baki sunna ce, ba farilla ba, barinta ba ya ɓata alwala. Idan kumburi ko zazzaɓi ya biyo baya, a tafi asibiti. Allah ne mafi sani.