BABI NA UKU: TARIHIN WASAN SPOOKS: CODE 9 DA YADDA MASU KALLO SUKA KARƁE SHI

3.0 GABATARWA

A babi na biyu an bi tarihin wasan kwaikwayon talabijin a ƙasar Hausa, tun daga buɗe gidan talabijin na Kaduna a shekarar 1962 har zuwa kafuwar tashar Arewa24 a shekarar 2014. A wannan babi kuwa za a ɗan tsallaka zuwa ƙasar Ingila domin a duba tarihin wani wasan leƙen asiri mai suna Spooks, da kuma reshen da aka fitar daga jikinsa domin matasa, wato Spooks: Code 9. Abin da ake nufi da reshe a nan shi ne sabon wasan da ake ginawa a kan suna da farin jinin wani wasa da ya riga ya karɓu, amma da wasu taurari da kuma wani labari dabam.

Ana iya tambayar abin da ya haɗa wasan Turawa da nazarin da ya shafi matasan Bafarawa da Isa da Sabon Birni. Dalili shi ne, wannan nazari yana magana ne a kan wasannin da suka taɓo harkar tsaro da yadda matasa ke karɓarsu, kuma tarihin Code 9 ya riga ya kammala. An san ranar da ya fara, an san ranar da ya ƙare, an kuma san yawan waɗanda suka kalle shi da farko da waɗanda suka rage a ƙarshe. Babin zai yi ƙoƙarin nuna cewa ƙuruciyar taurari kaɗai ba ta isa ta zaunar da matashi a gaban akwatin talabijin ba, muddin bai gaskata labarin da ake ba shi ba.

3.1 UWAR WASAN

Kalmar spooks a Ingilishi tana nufin fatalwowi, amma Turawa sukan kira 'yan leƙen asiri da ita a maganar yau da kullum. David Wolstencroft ne ya ƙirƙiro wasan, kamfanin Kudos ya shirya shi, tashar BBC One kuma ta fara nuna shi ranar 13 ga Mayu, 2002, wato watanni takwas bayan harin 11 ga Satumba da aka kai Amurka. Labarin ya shafi wani sashe ne na hukumar MI5, mai kula da leƙen asirin cikin gida a Birtaniya, ƙarƙashin wani dattijon jami'i mai suna Harry Pearce, wanda Peter Firth ya fito a matsayinsa. Mutane fiye da miliyan 9 ne suka kalli kashin farko.

Abin da ya kafa sunan wasan ya faru ne a kashi na biyu. An tura wata matashiyar ma'aikaciya, Helen Flynn, tare da jami'i Tom Quinn, su shiga jikin wani mai aƙidar wariyar launin fata a matsayin mata da miji. Da asirinsu ya tonu, sai aka tsoma hannunta da fuskarta cikin tafasasshen mai, sannan aka harbe ta. Masu kallo sun ɗauka da ita za a yi tafiyar har ƙarshe, domin Lisa Faulkner da ta fito a matsayinta sananniya ce. Hukumar da ke sa ido a kan ɗa'ar gidajen watsa labarai ta karɓi ƙorafi fiye da 100 a kan wannan fitowa. Duk da haka mutane ba su guji wasan ba, hasali ma a shekarar 2003 ya ci lambar BAFTA ta wasan da ya fi kowane. Daga ranar nan kowa ya fahimci cewa a cikin wannan wasa babu wanda mutuwa ke jin kunyarsa. Haka aka kashe Danny Hunter a shekarar 2004, wanda David Oyelowo, ɗan asalin Nijeriya, ya fito a matsayinsa.

Bugu da ƙari, wasan yana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da fargabar da jama'a ke ciki. Ranar 6 ga Yuli, 2005 aka bai wa birnin Landan damar ɗaukar nauyin wasannin Olamfik na 2012. Washegari aka tayar da bama-bamai a jiragen ƙarƙashin ƙasa da wata motar bas, mutum 52 suka mutu. Zango na huɗu na Spooks, wanda aka fara nunawa a watan Satumba na wannan shekara, ya buɗe ne da labarin tashin bama-bamai a Landan, alhali tun kafin harin aka ɗauke shi. Wasan ya ci gaba har zango goma, kashi 86, ya ƙare a watan Oktoba, 2011.

3.2 DALILIN FITAR DA RESHE

A shekarar 2003 BBC ta buɗe tashar BBC Three musamman domin matasa. A shekarar 2006 tashar ta nuna Torchwood, wanda reshe ne na tsohon wasan nan Doctor Who, kuma ya karɓu ƙwarai. Wannan nasara ta nuna cewa reshe yana iya jawo masu kallon uwarsa zuwa ƙaramar tasha. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da aka waiwayi Spooks, aka kuma bai wa kamfanin Kudos aikin fitar da reshensa.

Akwai wani abin lura a nan. A wasu shekaru BBC Three takan nuna kashin Spooks na mako mai zuwa tun kafin babbar tasha ta nuna shi. Ke nan matasan da ake son a jawo da sabon wasa sun riga sun san uwar wasan, sun saba da dattijo Harry Pearce, furfurarsa kuma ba ta hana su kallo ba.

3.3 ZUBIN LABARIN CODE 9

An fara nuna Spooks: Code 9 ranar 10 ga Agusta, 2008, daidai lokacin da ake gudanar da wasannin Olamfik a birnin Bejin na ƙasar Sin. Kashi shida ne kacal, an nuna biyun farko a dare guda, na ƙarshe kuma ranar 7 ga Satumba. An kai labarin gaba zuwa shekarar 2013. A cikinsa an tayar da bam ɗin nukiliya a Landan lokacin wasannin Olamfik na 2012, mutane fiye da 100,000 sun halaka, an kwashe mazauna birnin zuwa arewacin ƙasar, gwamnati kuma ta ƙaura zuwa Mancesta. Da yake MI5 ta yi asarar ƙwararrun ma'aikatanta, sai ta buɗe ƙananan ofisoshi a sassan ƙasar, ta cika su da sababbin jini. Wasan ya bi ofis mai lamba 19 ne, a yankin Yokshaya ta Yamma.

Ma'aikatan ofishin samari ne da 'yan mata: akwai masanin lissafi, da tsohuwar 'yar sanda, da mai ilimin likitanci, da tubabben mai laifi. Shugabarsu Hannah, wadda Joanne Froggatt ta fito a matsayinta, an harbe ta tun a kashin farko, sai jagoranci ya faɗa hannun Charlie, masanin lissafin nan, wanda bai daɗe da shiga aikin ba. Ko mutum ɗaya daga cikin taurarin uwar wasan bai fito a cikin reshen ba.

3.4 MARTANIN MASU KALLO

Babbar shaidar yadda aka karɓi wasan ita ce alƙaluman masu kallo. Kashin farko ya sami mutane fiye da 800,000, wanda adadi ne mai kyau ga ƙaramar tasha. Kafin a kai kashi na shida adadin ya faɗi ƙasa da 300,000. Wato cikin makonni huɗu kusan kashi biyu cikin uku na masu kallo sun watse. Wannan ya nuna cewa sunan Spooks ya yi aikinsa, ya tara jama'a a daren farko. Abin da suka gani ne ya kore su. Masu sharhi a manyan jaridun Ingila su ma sun yi wa wasan ca. Ana iya kasa ƙorafe-ƙorafen da aka yi gida uku.

Na farko shi ne rashin gaskata labarin. Masu kallo sun kasa yarda cewa ƙasar da ta sha bam ɗin nukiliya za ta miƙa tsaronta ga yaran da ba su goge ba, har ma wanda lissafi kawai ya sani ya zama shugaba. Yawan nuna su a wuraren shaye-shaye da rawa da soyayya ya ƙara rage wa labarin nauyi, domin bai dace da mutanen da suka rasa iyaye da gidaje shekara guda da ta wuce ba.

Na biyu shi ne kwaikwayon uwa ba tare da fahimtar sirrinta ba. Kashe Hannah a kashin farko maimaici ne na kashe Helen Flynn. Amma a shekarar 2002 ba wanda ya zata, a shekarar 2008 kuwa kowa ya san dabarar. Haka kuma Hannah ce kaɗai ke da alamar ƙwarewa a cikinsu, da aka kawar da ita sai ofishin ya zama ba babba.

Na uku, wanda ya fi shafar wannan nazari, shi ne jin cewa an raina hankalin matasa. An ɗauka cewa matashi ba ya kallon wasa sai taurarinsa sa'o'insa ne, sai an cika shi da kiɗa da saurin sauya hoto. Hausawa kan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a nan da gangan aka rage wa ɗan gudu, bisa zaton cewa haka tsararsa ke so.

Ba za a ɗora laifin a kan 'yan wasan ba, domin Joanne Froggatt ta yi suna a duniya daga shekarar 2010 a cikin wasan Downton Abbey. Kashi na shida ya ƙare ana tsakiyar fargabar tashin bam na biyu, da nufin a ci gaba a zango na gaba, amma BBC ba ta sake waiwayar wasan ba. Uwar wasan ta ƙara shekara uku ba tare da ta ambaci labarin reshen ba, wasannin Olamfik na 2012 kuma aka yi su lafiya.

3.5 ABIN LURA GA ƘASAR GOBIR

Idan aka dawo gida, za a ga cewa abin da Bature ya kasa gaskatawa a cikin Code 9 ba baƙo ba ne ga mutanen gabashin Sakkwato. A watan Mayu, 2020 'yan bindiga sun kashe mutane fiye da 70 a wasu ƙauyukan Sabon Birni. A watan Satumba, 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Isa da Sabon Birni. A watan Disamba na wannan shekara aka ƙona matafiya a cikin mota a kusa da Gidan Bawa. A watan Agusta, 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasa ransa a hannun masu garkuwa da mutane. Dubban jama'a sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Ƙaura, da rashin manya, da ɗora wa samari nauyin gadin gari, duk abubuwa ne da aka gani da ido, tun daga 'yan sa-kai har zuwa rundunar tsaron al'umma da gwamnatin jihar ta ƙaddamar a shekarar 2024. Shi kansa leƙen asiri yana da fuska a wannan yanki, wato infoma, mai kai wa 'yan bindiga rahoton maƙwabcinsa.

Saboda haka matashin Bafarawa, wanda ke kallon wasa a wayarsa ko a gidan kallo, ya fi matashin Ingila na shekarar 2008 sanin yadda mutum ke kwana cikin tsoro, domin jiki magayi. Duk marubucin da zai shirya masa wasan tsaro to ya sani cewa alƙali mai tsanani zai fuskanta. Idan aka nuna masa saurayi yana fatattakar 'yan bindiga shi kaɗai, da tsakar rana kuma yana zance da budurwa kamar ba abin da ya faru, zai gane ƙarya ce nan take. Illar ba ta tsaya ga asarar masu kallo ba. Wasan da ya mai da aikin tsaro abin ado yana iya ruɗin yaro ya shiga abin da ya fi ƙarfinsa, wanda kuma ya sauƙaƙa zargin infoma yana iya jawo a ɗauki doka a hannu a kan marar laifi.

Wasannin Hausa da suka daɗe a zukatan jama'a sun bi wata hanya dabam. Daɗin Kowa, wanda Arewa24 ta fara nunawa a shekarar 2015, ya taɓo tayar da ƙayar baya da shaye-shaye, amma ya zuba matasansa a tsakiyar iyaye da malamai da mai shayin unguwa. Kwana Casa'in na shekarar 2019 ya nuna makircin siyasa a ƙagaggiyar jihar Alfawa, inda manya da yara ke cikin ruwa ɗaya. A duka biyun ba a raba matashi da al'ummarsa ba.

3.6 NAƊEWA

A wannan babi an bi tarihin Spooks daga 2002 zuwa 2011, da na reshensa wanda bai wuce kashi shida ba a shekarar 2008. An ga cewa uwar ta riƙe masu kallo ne saboda sun gaskata haɗarin da taurarinta ke ciki, reshen kuwa ya rasa su saboda ya fifita ƙuruciyar fuska a kan nauyin labari. An kuma nuna cewa wannan ma'auni ya fi tsanani a inda rashin tsaro ya zama abin yau da gobe. A babi na huɗu za a ɗauki ma'aunin a auna wasannin Hausa da suka shafi tsaro, domin a ga matsayin da suka bai wa matashi.